DARASI DOMIN IYALAN KIRISTA: KARE LAMBUN GIDA DAGA ƘWARI BA TARE DA GUBA BA



GABATARWA

Da wuya a shiga gidan Kirista a ƙauyukanmu, har ma a unguwannin birni, ba a tarar da ɗan lambu a bayan ɗaki ko a gefen rijiya ba. A nan uwar gida take shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo, da tumatir da barkono da gauta, domin miya ta samu ko da aljihu ya bushe. Daga wannan ɗan fili ake ciyar da yara, daga nan kuma wata gwauruwa take samun kuɗin littafin ɗanta. Saboda haka idan ƙwari suka faɗa masa, tukunyar gida suka taɓa.

Abin da ya sa muka ga ya wajaba a yi wannan darasi shi ne, a yau da zarar an ga tsutsa a ganye, sai a ruga kasuwa a sayo maganin feshi, sau da yawa wanda aka zuba a kwalbar da ba ta da rubutu, a fesa da safe, a tsinki ganyen da yamma a sa a miya. Garin neman gira ana rasa ido. Darasin nan zai nuna cewa mai lambun gida yana iya kare shukarsa da abubuwan da Allah ya riga ya ajiye a kewayensa, muddin ya san abokin gabansa, ya san mataimakansa, ya kuma yi haƙuri.

1. ABIN DA BANGASKIYARMU TA KOYAR

Littafin Farawa, sura 2 aya 15, ya nuna mana cewa aikin farko da aka danƙa wa ɗan'adam aikin lambu ne, kuma aikin yana da fuska biyu, wato noma da kiyayewa. Wanda ya noma bai kiyaye ba ya yi rabin aiki. Ƙasa amana ce a hannunmu, za mu kuma ba da lissafinta.

Ikilisiya ta daɗe tana tunatar da mu wannan. A shekarar 1979 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa Waliyi Faransis na Asisi majiɓincin masu kula da muhalli, a saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta Duniya ta 1 ga Janairu 1990 kuma ya bayyana cewa lalata halitta matsala ce ta lamiri. A shekarar 2015 marigayi Paparoma Faransis ya fitar da wasiƙarsa mai suna Laudato Si', wadda ta haɗa kukan ƙasa da kukan matalauta wuri ɗaya. Ban da waɗannan, Doka ta Biyar, wadda ta hana kisa, ta ɗora mana nauyin kiyaye lafiyarmu da ta maƙwabci. Wanda ya kai ganyen da ya san yana ɗauke da guba kasuwa, ya sayar wa wata uwa, ya kamata ya binciki lamirinsa kafin ya matso teburin Ubangiji.

2. ILLAR DOGARA GA MAGANIN FESHI

Illa ta farko a jikin mutum take. Kowane maganin feshi na gaskiya yana ɗauke da rubutun da ke faɗin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Lambun gida kuwa kusan kullum ake tsinkarsa, saboda haka kiyaye wannan ƙa'ida yana da wuya ƙwarai. Ga kuma yara masu wasa a tsakanin kunya, da kaji masu tono, da rijiya kusa. Wannan magana ba ƙarama ba ce: a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda yawan maganin ƙwari mai suna dichlorvos da aka samu a cikinsa. Waken da aka ƙi karɓa a can, irinsa muke dafa wa 'ya'yanmu a nan. A shekarar 2019 kuma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wannan magani, bayan da aka yi ta samun matasa suna shansa domin su hallaka kansu. Kwalbar guba a ƙarƙashin gado jaraba ce ga wanda baƙin ciki ya rufe wa ido.

Illa ta biyu ita ce ƙwarin suna sabawa. In aka fesa wa ƙwari dubu, kaɗan daga cikinsu masu jurewa za su tsira, su haifi 'ya'ya masu jurewa irinsu. Bayan 'yan shekaru sai a ga maganin da ke aiki a da ya zama kamar ruwa, mai lambu ya ƙara yawa, ya ƙara kashe kuɗi, ya ƙara shaƙar guba.

Illa ta uku ita ce guba ba ta bambanta mai laifi da marar laifi. Tana kashe ƙwaro mai ɓarna tare da wanda ke cinye shi. Da yake masu ɓarnar sun fi saurin hayayyafa, su ne ke fara dawowa, su tarar da lambu babu mai tsaro. Misalin alkama da ciyawa da Ubangijinmu ya bayar a Matiyu sura 13 yana da darasi a nan: gaggawar kawar da mugu tana iya tafiya da nagari.

3. KU SAN MATAIMAKANKU

Yawancin ƙananan halittun da ke cikin lambu ba su cin shuka. Da yawa ma aiki suke yi mana ba tare da lada ba.

Akwai wani ɗan ƙwaro mai sheƙi, ja ko ruwan lemo mai ɗigon baƙi, wanda bai kai ƙwayar wake girma ba. Abincinsa darɓa ne, wato ƙananan ƙwarin nan masu taruwa a ƙarƙashin ganye da kan tohon wake suna tsotse ruwan shuka, suna barin danƙo. Guda ɗaya yana iya cinye kimanin 50 a yini. Sai dai a lura, yana da ɗan'uwa mai kama da shi, marar sheƙi, mai ɗan gashi a baya, wanda yake kankare ganyen kabewa da guna. Shi ya sa ake son mai lambu ya tsaya ya duba abin da ƙwaro yake ci kafin ya yanke masa hukunci.

Zanzaro, wanda yake gina ɗakin laka a bangon ɗakunanmu, mafarauci ne. Duk yaron da ya taɓa fasa ɗakinsa ya san abin da ke ciki: sau da yawa tsutsotsi ne da ya kwaso daga shuka domin ciyar da 'ya'yansa. Rina ma haka take yi. Ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo suna kama ƙwari dare da rana. Kwaɗo yana fita da dare ya ci tsutsar da ke yanke dashe daga tushe. Ƙadangare da hawainiya da bushiya da tsuntsaye duk suna cikin wannan runduna. Ƙudan zuma kuwa shi ne ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, in babu shi kabewa da kankana za su yi fure su zubar ba tare da 'ya'ya ba.

Saboda haka a hana yara jifan kwaɗi da ƙadangaru a lambu. A ajiye fasasshiyar tukunya a kife a wuri mai laima domin kwaɗo ya sami mafaka. A bar 'yan tsire-tsire masu fure a gefen shinge, domin waɗansu daga cikin mataimakan nan suna bukatar ruwan fure.

4. RIGAKAFI YA FI MAGANI

Shukar da ta ƙoshi ta fi jure ɓarna, kamar yadda yaron da ya ƙoshi ya fi jure ciwo. A ciyar da ƙasa da takin gida wanda ya ruɓe sosai. Takin zamani mai sa ganye, in ya yi yawa, yakan sa toho ya yi laushi, darɓa kuwa ba abin da take so kamar wannan.

A riƙa sauya shuka. Tumatir da barkono da gauta da dankalin Turawa dangi ɗaya ne, cututtukansu da ƙwarinsu kusan iri ɗaya ne. Wanda ya tuge tumatir ko kuɓewar da ta ƙi girma ya ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli, to, waɗansu tsutsotsi ne ƙanana da ido ba ya gani suka zauna a ƙasar. In aka maimaita shuka iri ɗaya a wurin, ƙaruwa za su yi. A bi bayan tumatir da masara ko dawa ko albasa. Littafin Firistoci sura 25 ya ba da dokar hutar da ƙasa a shekara ta bakwai. Mai ɗan fili ba zai iya barinsa shekara guda ba, amma yana iya hutar da kowace kunya daga irin da ya gajiyar da ita.

A gauraya shuka yadda kakanninmu suke haɗa gero da wake. Ƙwari da yawa da ƙanshi suke gane abincinsu, saboda haka layin albasa ko tafarnuwa ko ɗaɗɗoya a tsakanin kayan lambu yana rage musu sauƙin yaɗuwa.

A rufe wurin rainon iri da tsohon gidan sauro wanda aka daina kwana a ciki. Wannan yana kare dashen tumatir daga farin ƙuda, ɗan ƙwaron da ke ɗauke da cutar nannaɗewar ganye. Shukar da ta riga ta kamu da wannan cuta ba ta warkewa, sai a tuge ta a binne tun ba ta shafi sauran ba. Bayan girbi a kwashe karan da ya rage, a kafce ƙasa, a saki kaji su tone abin da ya ɓuya a ciki.

Mafi girma duka shi ne ido. A zaga lambu da sassafe aƙalla sau biyu a mako, a juya ganye a duba ƙarƙashinsa. Darɓa tana haihuwa ba tare da namiji ba, 'ya'yanta kuma suna isa haihuwa cikin kimanin mako guda. Abin da yatsa biyu za su murƙushe yau, bayan mako biyu bokiti ba zai isa ba. A tsince tsutsa da fara da hannu a zuba wa kaji. A lambun gida babu maganin da ya kai wannan arha da aminci.

5. MAGUNGUNAN DA KE HANNUNMU

(a) Dogon yaro. Wannan itace, wanda waɗansu ke kira darbejiya ko maina, asalinsa daga ƙasar Indiya da maƙwabtanta yake, ga shi yanzu a ƙofar kusan kowace majami'a da makaranta. A shekarar 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer ya lura a ƙasar Sudan cewa fara ta cinye kowane ganye ta bar na dogon yaro. Binciken da ya biyo baya ya gano wani sinadari mai suna azadirachtin, wanda ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yan. Aikinsa shi ne ya hana ƙwaro cin abinci, ya hana tsutsa saɓa ta girma, ya kuma rage haihuwa.

Ga yadda ake haɗawa. A tsinci 'ya'yan da suka nuna, a wanke naman, a shanya ƙwallon a inuwa har ya bushe sarai. A adana a kwando ko buhun da iska ke shiga, domin leda tana sa shi fumfuna. In bukata ta taso, a ɓare, a daka giram 500, wato rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Wanda ba shi da sikeli ya auna cikin tafin hannu biyu ga kowace lita ɗaya. Da gari ya waye a tace da ƙyalle mai laushi, a narkar da ɗan sabulu a ciki domin ruwan ya kama ganye. A fesa da yamma, saboda hasken rana yana lalata ƙarfinsa, kuma a lokacin ƙudan zuma ya koma amya. In babu injin feshi, tsintsiya ta isa. A tabbata dai ruwan ya taɓa ƙarƙashin ganye. A maimaita bayan mako guda, ko bayan ruwan sama mai ƙarfi. Tukar da ta rage a zuba a gindin shuka, tana zama taki, tana kuma rage tsutsar saiwa. In ba lokacin 'ya'ya ba ne, a daka ɗanyen ganye kilo ɗaya a jiƙa a lita 5, ko da yake ƙarfinsa bai kai na ƙwallo ba.

A nan ne ake bukatar haƙuri. Wanda ya saba ganin ƙwari suna zuba nan take zai ce dogon yaro bai yi aiki ba, domin zai ga tsutsa tana nan washegari. Ya duba da kyau: ta daina ci, bayan kwana biyu ko uku kuma za ta mutu. Sannu ba ta hana zuwa.

(b) Ruwan sabulu. Babban cokali ɗaya na sabulun sanda da aka kankare, a lita ɗaya ta ruwa, yana kashe darɓa da sauran ƙwari masu laushin jiki, amma sai ya taɓa jikinsu. A guji garin sabulun wanki mai ƙarfi, domin yana ƙona ganye.

(c) Barkono da tafarnuwa. A daka busasshen barkono cikin tafin hannu ɗaya da kan tafarnuwa biyu, a jiƙa a lita ɗaya ya kwana, a tace, a ƙara ruwa har lita 5 da ɗan sabulu. Wannan korar ƙwari yake yi fiye da kashe su. Mai fesawa ya juya wa iska baya, ya kiyaye idonsa.

(d) Toka. A barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi a ganyen kuɓewa da yakuwa da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, domin rage ɓarnar ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke huda ganye kamar rariya. Kada a yawaita, gama toka mai yawa tana canza ƙasa.

Kowane haɗi aka yi, a fara gwada shi a kan shuka biyu ko uku, a jira kwana biyu a gani. A ware turmi da bokitin wannan aiki daban da na abinci, a ajiye haɗin nesa da yara, a kuma wanke ganye sosai kafin a dafa. Kada a ɗauka cewa duk abin da ya fito daga tsiro lafiyayye ne. Ruwan taba guba ce mai ƙarfi da ke shiga ta fata, yana kuma iya sa wa tumatir da barkono cuta. Majimfa kuwa, wadda aka sani da kashe kifi, bai kamata ta kusanci rafi ko kududdufi ba.

6. BAƘIN ƘWARI GUDA BIYU

A shekarar 2016 wata ƙaramar tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta lalata gonakin tumatir a arewacin Nijeriya har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Asalinta daga Kudancin Amurka take. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa tana ci, shi ya sa feshi ba ya cika isa gare ta, ta kuma saba da magunguna da yawa. A lambun gida, a tsinke duk ganyen da ya nuna farin tabo kamar an kankare shi, tare da 'ya'yan da suka huje, a binne da zurfi ko a ƙone. A fara fesa dogon yaro tun shuka tana ƙarama, kada kuma a bar tsohon tumatir a fili bayan girbi.

A wannan shekarar ce kuma aka fara tabbatar da shigowar tsutsar masara mai cin zuciyar shuka a Afirka, a kudu maso yammacin Nijeriya. Mai 'yan layukan masara a bayan gida ya duba ganye ya murƙushe tarin ƙwan, ya zuba ɗan yashi gauraye da toka, ko ruwan dogon yaro, a cikin zuciyar shukar inda tsutsar take ɓuya.

7. IDAN YA ZAMA DOLE

Ikilisiya ba ta haramta maganin zamani ba, akwai kuma lokacin da babbar gona za ta bukace shi. In haka ta faru, a nemi shawarar malamin gona. A sayi magani a mazubinsa na asali mai rubutu, a bi awon da aka faɗa, a rufe hanci da baki da hannu, a kiyaye kwanakin jira. Mace mai ciki da mai shayarwa da yaro kada su yi feshi. A kulle abin da ya rage, a huda mazubin da ya ƙare domin kada wani ya zuba ruwa ko mai a ciki.

In wani ya sha ko ya shaƙa har ya fara dalalar da miyau, da zufa, da amai, da wahalar numfashi, a tuɓe masa tufafin, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da mazubin maganin. Kada a ba shi madara ko manja, kada kuma a tilasta masa yin amai, gama waɗannan suna iya ƙara masa haɗari.

8. AIKIN JAMA'A

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ƙwari kuma ba su san shingen gida ba. Muna roƙon katikis da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa su karanta wannan darasi a taronsu. 'Ya'yan dogon yaron da ake sharewa a harabar majami'a a ƙone, a tattara su a shanya, a raba wa gwauraye da tsofaffi. Kowace ikilisiya tana iya ware kunya biyu ko uku a yi gwaji a idon kowa, gama gani ya kori ji. A gayyaci maƙwabtanmu Musulmi da sauran jama'a, domin rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Kwanakin da ke tsakanin 1 ga Satumba, ranar addu'a domin kula da halitta, da 4 ga Oktoba, idin Waliyi Faransis na Asisi, lokaci ne mai kyau na soma wannan aiki, kafin a shiga noman rani.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. A ina ake ajiye maganin ƙwari a gidanmu, wa kuma yake iya kai hannu gare shi?
2. Waɗanne halittu masu taimako muka gani a lambunmu a wannan mako?
3. Waɗanne dabarun kare shuka iyayenmu suka sani waɗanda muka bari?
4. Kayan lambun da nake sayarwa, zan yarda in dafa wa 'ya'yana shi a ranar?

ADDU'A

Ya Allah Uba, Mahaliccin manya da ƙananan halittu, kai ne ka danƙa mana ƙasa domin mu noma mu kiyaye. Ka ba mu idon lura da zuciyar haƙuri. Ka sa albarka a lambunan iyalanmu, ka tsare 'ya'yanmu daga guba, ka kuma hana mu neman riba da lafiyar maƙwabci. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.